Amsoshin Tambayoyinku: Ƙananan ma'aikatan Baba Kirsimeti aljanu ne?

Tambaya: Ni malamar firamare ce a Birnin Kudu. 'Yar ƙanwata da ke babbar sakandare ta zo hutu wurina da wani ƙagaggen labari na Turanci, tana karantawa tana ƙyalƙyala dariya ita kaɗai. Da na karɓa na duba, sai na ga labarin wasu 'yan mitsi-mitsin halittu ne masu tsinin kunne da ake kira elf, suna aiki a wata masana'anta a ƙasar ƙanƙara, suna haɗa kayan wasan yara da za a raba ranar Kirsimeti. Suna da shugaban aiki, suna gulma, suna makara, har da masu kamun ƙafa don a ƙara musu girma. Mene ne asalin waɗannan halittu? Aljanu ne, ko wani abu ne na addinin Kirista? In bar ta ta ci gaba da karantawa? Sannan wata abokiyar aikina 'yar Gwaram ta ce mu Hausawa ba mu da irin wannan labari, namu na aljanu duk na ban tsoro ne. Haka ne?

Amsa: Kin kyauta da kika karɓi littafin kika duba da idonki kafin ki yanke hukunci. Bari mu fara da abin da ya fi damun ki. Elf ba ya cikin Linjila, ba ya cikin Attaura, kuma ba ya cikin aƙidar da coci ke koyarwa. Halitta ce ta camfi da tatsuniyoyin mutanen arewacin Turai tun kafin addinin Kirista ya isa gare su. Masana'antar da kika gani a littafin kuwa daga baya aka liƙa masa ita. Marubuta da masu zane na Amurka ne suka ƙago ta a ƙarni na 19, ko shekara 200 ba ta cika ba.

Elf na mutanen da ba abin dariya ba ne, tsoron sa ake yi. A wajajen shekarar 1220 wani masani ɗan ƙasar Aisilan mai suna Snorri Sturluson ya rubuta labaran kakanninsa, ya raba elf gida biyu: masu haske da ke zaune a sama, da baƙaƙe da ke ƙarƙashin ƙasa. A Ingila akwai littattafan magani na shekaru dubu da suka wuce da ke ɗauke da laƙanin cutar da ake cewa elf ne ya jefa wa mutum ko dabba. Manomin Sikotland in ya tsinci tsinin kibiya na dutse a gonarsa, irin wanda mutanen zamanin dutse suka bari, cewa yake da shi elf ya harbi saniyarsa. Iyaye mata kuma suna fargabar a sace musu jariri a musanya shi da wani, shi ya sa suke ajiye ƙarfe a makwancinsa. Duk Bahaushiyar da ta ga an ajiye wa jariri wuƙa a gefen kai kafin suna ta san irin wannan fargaba. Ke nan in ana maganar matsayin da elf ya taɓa riƙewa a zukatan Turawa, ya yi kusa da na iskoki ko mutanen ɓoye a wurinmu.

A cikin waɗannan halittu akwai wani kashi da ya fi sauƙin hali, wato masu taya aikin gida. Mutanen Denmak da Nowe suna kiran nasu nisse, na Suwidin kuma tomte: ɗan gajeren tsoho mai jar hula da ke zaune a rumbu ko a turke, yana kula da dabbobi da dare. Ladansa kwanon fate da man shanu a daren Kirsimeti, in aka hana shi ya yi ɓarna. A Jamus, 'yan'uwan nan biyu, Jacob da Wilhelm Grimm, sun buga tarin tatsuniyoyinsu a 1812, a ciki har da labarin wani baduku mai ɗinka takalma da talauci ya ci ƙarfinsa. Yakan yanka fata da yamma ya kwanta, da safe ya tarar an ɗinke takalman tsaf. Ana gab da Kirsimeti shi da matarsa suka laɓe, suka ga wasu ƙananan halittu tsirara suna ta aiki. Suka ɗinka musu riguna da takalma don godiya, su kuwa da suka sa kayan suka yi ta tsalle, suka fice, ba su ƙara dawowa ba. A wannan labari an haɗa abubuwa ukun da ke cikin littafin 'yarki: ƙananan hannaye, aikin dare, da ƙaratowar biki.

Shi Baba Kirsimeti, wanda ake cewa ƙananan ma'aikatan nan suke yi wa aiki, hanyarsa daban. Asalinsa wani babban limamin coci ne mai suna Nikolas da ya rayu a ƙarni na 4 a garin Mira, cikin ƙasar Turkiyya ta yau, wanda ya yi suna wajen kyauta a ɓoye. Mutanen Holan suna kiran sa Sinterklaas, daga nan sunan Santa Kulos ya samo asali a Amurka. A 1823 wata jarida a garin Troy na jihar Niyok ta buga wata waƙa da ta siffanta shi da ɗan duƙurmin tsoho mai yawo da ƙaramin keken ƙanƙara, har ta kira shi kansa elf. A lokacin shi kaɗai yake aikinsa. Amma mai raba wa yaran duniya kaya a dare guda dole a tambaya ina yake samun su. Mujallar Harper's Weekly ta buga wata waƙa a 1857 da ta ba shi tarin elf masu yi masa aiki. Mai zanen mujallar, Thomas Nast, wanda ya fara zana shi a 1863, shi ya ba shi ɗakin aiki da kundin rubuta halayen yara, ya kuma kai gidansa ƙurewar arewacin duniya. A 1873 mujallar mata ta Godey's Lady's Book ta fito da zanen masana'antar cike da ƙananan ma'aikata. Wannan shi ne lokacin da masana'antu ke bunƙasa a Amurka, kantuna kuma suka gane cewa Kirsimeti kasuwa ce.

Tun daga nan masana'antar take sauya kama tare da zamani. A fim ɗin zane na Walt Disney na 1932, elf suna jere a layin haɗa kaya, kowa da ɗan abin da yake ɗaurawa, irin tsarin da Henry Ford ya shigo da shi a masana'antar motocinsa a 1913. A wani shirin talabijin na 1964 an nuna wani elf mai suna Hermey da ya gaji da ƙera kayan wasa, shi likitan haƙori yake so ya zama, shugaban aiki yana ta yi masa faɗa. Fim ɗin Elf na 2003 labarin ɗan Adam ne da ya tashi a cikinsu, ya fi kowa tsawo, ya kasa cika adadin kayan da aka yanka masa a rana. A Arthur Christmas na 2011 wurin ya koma tamkar hedikwatar soja mai cike da kwamfutoci, duk da haka aka manta da kyautar yarinya ɗaya. Wanda ya fi burge ni a cikinsu ba don kasuwa aka yi shi ba. J.R.R. Tolkien, malamin jami'ar Okasfod, ya riƙa rubuta wa 'ya'yansa wasiƙu da sunan Baba Kirsimeti daga 1920 zuwa 1943, yana ba su labarin tsautsayin da ya faru a wurin aiki a shekarar, har ya ƙago masa sakatare, wani elf mai suna Ilbereth. Sai a 1976, bayan rasuwarsa, aka tattara su aka buga.

Dalilin dariyar 'yarki ke nan. Marubucin ya ɗauki halittar da ba ta wanzu ba, ya ɗora mata damuwar da kowane ma'aikaci ya sani: shugaba mai faɗa, abokin aiki mai zillewa, sabon ɗauka mai ɓata kaya, da wa'adin da ba a ɗagawa. Ke da kike koyarwa kin san yadda ofishin malamai ke zama a makon da za a ba da sakamakon jarrabawa. Abin dariyar ba tsinin kunnen ba ne, ganin halinmu ne a jikin wasu.

Akwai wata tambaya a ƙarƙashin rahar da nake so ki yi wa yarinyar: wa ke biyan waɗannan ma'aikata? A mafi yawan labaran ba a biyan su, ana nuna suna aiki suna waƙa don jin daɗi kawai. J.K. Rowling ta taɓo wannan a littattafan Harry Potter, inda elf mai suna Dobby bawan gida ne da bai sami 'yanci ba sai da aka ba shi safa, wanda ya yi daidai da tsohon labarin badukun nan. A zahiri kuwa masana'antar tana nan, amma ba a ƙasar ƙanƙara ba. Birnin Yiwu ne a lardin Zhejiang na ƙasar Sin, inda rahotanni suka sha nuna cewa fiye da rabin kayan ƙawar Kirsimeti na duniya daga can suke fitowa, kuma 'yan Adam ne ke yin su. 'Yan kasuwar Kano ma suna zuwa sari a can, don haka tabarau da agogon roba da balan-balan da yaran Birnin Kudu ke saye da kuɗin barka da sallah, da yawansu daga irin waɗannan masana'antu suka taso.

To aljanu ne? A'a, kuma bambancin yana da muhimmanci. Turawan yau, in ban da 'yan ƙalilan, ba su yarda akwai elf ba, shi ya sa suke juya shi yadda suka ga dama. Aljanu kuwa a wurin Musulmi gaskiya ne. Alƙur'ani ya ambace su, akwai sura sukutum da sunansu, kuma Suratur Rahman ta faɗi cewa daga wuta aka halicce su. Har aikinsu ma an ambata. A Suratu Saba, aya ta 12 zuwa ta 14, an ba da labarin yadda Allah ya hore wa Annabi Sulaiman, alaihis salam, aljanu suna yi masa manyan gine-gine da akusa masu faɗi da tukwane kafaffu, suka ci gaba da aikin wahala bayan ya rasu ba su sani ba, sai da gara ta ci sandarsa. Suratu Sad ta ambaci magina da masu nutso a cikinsu. Wannan ba abin raha ba ne, kuma bai kamata a cakuɗa shi da tatsuniyar Turawa ba. In yarinyar ta fahimci cewa elf ɗan'uwan Gizo da Ƙoƙi ne, wato ƙage ne da kowa ya san ƙage ne, an gama da wannan matsala.

A ganina ki bar ta ta karanta. Yarinyar da ke dariya ita kaɗai a kan littafi ta sami abin da malamai ke shan wahalar cusa wa yara, kuma Turancinta zai ƙaru fiye da yadda darasin nahawu zai ƙara mata. Ki karanta tare da ita, ki bayyana mata cewa bikin na maƙwabtanmu Kiristoci ne, mu namu salla ƙarama da babba. Ki kuma duba ko littafin na yara ne, domin akwai masu irin wannan bango da aka rubuta don manya, da soyayya a ciki wadda ba ta dace da shekarunta ba. Abin da ya shafi hukuncin shari'a kuwa, malaman garinku ne za su yi miki fatawa.

Sai maganar abokiyar aikinki. Tana da gaskiya ta wani ɓangare, amma ta rage wa adabinmu haƙƙinsa. Tun daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, wadda ta haifar da ƙagaggun labaran Hausa na farko na boko, aljanu suke cikin littattafanmu. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da taimakon aljanu Alhaji Imam ya kai ga ruwan da ya fita nema, kuma littafin cike yake da barkwancin da ke tsakaninsa da Malam Zurƙe. Ganɗoki na Bello Kagara ya shiga duniyar aljanu bayan ya gama da yaƙin Turawa. Magana Jari Ce ma tana da labaran aljanu da ke sa mutum murmushi. A 1969 Umaru Dembo ya fito da Tauraruwa Mai Wutsiya, inda wata baƙuwar halitta ta ɗauki yaro Kilba ta zaga da shi sararin samaniya, kuma don yara aka rubuta shi. A tatsuniya, Dodo da duk girmansa sau nawa Gizo ya yi masa wayo yara suka kwashe da dariya? Muna ma da namu gajeren aljanin, gwaigwai, da ake ba da labarinsa a ƙauyuka.

Batun tsarin aiki kuwa, tunanin Bahaushe ya daɗe da yi wa mutanen ɓoye gari da sarauta. 'Yan bori suna cewa iskoki na da birninsu, Jangare. Wani Bature, A.J.N. Tremearne, ya rubuta labarinsa a 1914 daga bakin Hausawan Tunis da Tarabulus, sannan Fremont Besmer, wanda ya yi bincike a Kano, ya bayyana a littafinsa na 1983 cewa birnin yana da gidaje goma sha biyu. Akwai sarki da fadawansa, akwai malamai, da Fulani, da mahauta, da makaɗa, da kutare, kowa da muƙaminsa da danginsa. Ban kawo wannan don tallata bori ba, malamai sun daɗe da bayyana matsayinsa. Na kawo shi ne don ki ga cewa abin da Amurkawa suka yi da masana'anta, Bahaushe ya yi shi da masarauta: kowa ya siffanta duniyar ɓoye da tsarin da ya sani. Raha a lokacin ibada da biki ma ba baƙuwarmu ba ce. Da azumi ya kwana goma yara ke fita tashe, su yi Tsoho da Gemu, su yi Jatau Mai Magani, 'yan mata su yi Mairama da Daudu, a Kano kuma Nalako ya fito farautar gwagware.

Inda abokiyar taki ta yi gaskiya shi ne a rubutun zamani. Tun da adabin kasuwar Kano ya bunƙasa a shekarun 1980, soyayya da rikicin gidan aure suka mamaye fage, sai littattafan yaƙi masu bokaye da matsafa da takubba. A finafinai kuma in aljani ya fito, ko dai ya shiga jikin mace ana yi mata ruƙiyya, ko ya auri wata ya hana ta sakat. Dalilin a fili yake: abin da mutum ya yarda yana iya taɓa shi ba ya son wasa da shi. Amma sakamakon shi ne yaron da ke neman labari mai sauƙi, mai ban dariya, da zai karanta a hutun salla da harshensa, da ƙyar zai samu. Wannan giɓi yana damu na, domin shi ke tura yara masu son karatu zuwa Turanci kaɗai, su tashi da zaton cewa Hausa ba ta iya ba su dariya a rubuce.

Alhali kayan aikin suna nan a ƙofar gidanku. Muna da masana'antar biki ta gaske, wato shagon tela a goman ƙarshe na azumi. Ki tuna yadda yake: yadudduka jibge har rufi, kowanne da sunan mai shi a jikin ɗan ƙyalle, keke yana ta ƙara har sahur, an ɗauke wuta an tayar da janareto, yaron shago yana gyangyaɗi a kan dutsen guga, mai sa maɓalli ya ɓace, mai aikin wuya ya ce zare ya ƙare, ga uban yara a bakin ƙofa ana ce masa ya dawo bayan tarawihi. A cikin gida masu kitso da masu lalle suna nasu, masu ɗinkin hula suna nasu, masu suyar cincin suna nasu. Duk wanda ya fito fes ranar idi, hannaye da yawa ne suka kwana ba barci dominsa, kuma ba kasafai ake tuna su ba.

Kuma muna da abin da marubucin Amurka ba shi da shi. Ranar Kirsimeti a kafe take, 25 ga Disamba, ma'aikatan Baba Kirsimeti sun san ta tun farkon shekara. Mu kuwa ba wanda ya san ko azumi 29 za a yi ko 30. Tela yana lissafin yana da sauran kwana guda, sai bayan magariba a ji sanarwa daga fadar Sarkin Musulmi a Sakkwato cewa an ga wata, gobe salla. Yini guda cur ya salwanta daga lissafi, ga kaya ba a ko yanka ba. Marubuci ba zai sami abin da ya fi wannan ɗaure mai karatu ba, kuma duk yaron ƙasar Hausa ya san wannan dare, ko dai da murna ko da kuka.

Wurin da za a zaunar da ƙananan ma'aikatan ma yana nan. Birnin Kudu na da duwatsu masu zanen mutanen da, irin su Dutsen Mesa da Dutsen Habude da Dutsen Murufu, waɗanda masanin kayan tarihi Bernard Fagg ya yi rubutu a kansu a shekarun 1950. A jikinsu akwai zanen shanu marasa tozo, irin da ba a kiwo a yankin yanzu, kuma a kusa da su akwai duwatsun da in an buga suke amo kamar ƙararrawa. Hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa ce ke kula da su. Mutane na tasowa daga wata uwa duniya don su gan su, amma ɗalibai da yawa a garin ba a taɓa kai su ba.

Ki ɗauka wani ya rubuta labari kamar haka. A ƙarƙashin Dutsen Habude akwai wasu 'yan ƙananan halittu da ba su fi tsawon ƙwarya ba, sana'arsu ƙarasa ɗinkin da ya gagari telolin gari a daren salla. Suna da Sarkin Ɗinki da ya tsufa ba ya ganin kafar allura amma ya ƙi sauka, da Galadiman Zare mai rowa, da Magajiyar Lalle da ba ta shiri da Uwar Kitso. Da dutsen nan mai amo ake kiran su aiki. Suna da reshe a Gwaram Tsohuwa da ke ganin ya fi su iya surfani, ga ɗan aike da aka tura kasuwar Sara sayen maɓalli ya tsaya kallon dambe. Sabuwar ɗauka, wadda ko zare ba ta iya sawa ba, ita ce ta gano wani yadi a ƙasan tuli, na wani maraya a Babaldu da kakarsa ta tara kuɗin ƙuli-ƙuli ta saya masa. Ana cikin gardamar wa ya manta da shi, sai aka ji an ga wata. Wannan labari ba ya buƙatar ƙanƙara ko jar hula, kuma yaron Kiyako ko na Basirka zai gane kowa a cikinsa, domin ya san mai irin halin a unguwarsu.

Wanda zai rubuta shi ina ba shi shawara ya ƙagi halittarsa da kansa, ya raɗa mata suna, ya bayyana tun farko cewa ta tatsuniya ce. Kada ya taɓa ƙissar Annabi Sulaiman, kada kuma ya ɗauko sunayen iskokin bori, don na farko abin girmamawa ne, na biyu kuma zai sa iyaye su hana 'ya'yansu littafin. Ya zauna a shagon tela ya koyi aikin sosai, ya san bambancin shadda da yadi da atamfa, ya san yadda ake yanka wuya da yadda ake sa aljihu, ya ji irin maganar da maigida ke yi wa yaransa. Dariyar irin wannan labari daga sanin sana'a take fitowa. Sannan ya bar wa'azi ya huta. In har telan da ke cikin labarin ya cika alkawari da ƙyar, kuma aka ga wahalar da ya sha, yaro zai fahimta ba sai an tsaya an yi masa bayani ba. Ya kuma tabbata a cikin labarinsa ana biyan ma'aikatan haƙƙinsu, ko da da tuwon salla ne.

Hanyar fitar da shi ta fi ta da sauƙi. Marubutan Hausa da yawa yanzu a WhatsApp da Facebook da Wattpad suke sakin labari babi-babi, wasu kuma ana karanta nasu a YouTube da gidajen rediyo. Ga mata akwai gasar Hikayata da sashen Hausa na BBC ya fara a 2016, ta gajerun labarai. Ke kanki, Malama, kina da aji cike da masu sauraro. Ki gwada ba su farkon labarin, ki ce kowa ya ƙarasa shi a gida, ke da abokiyar aikinki ku zaɓi waɗanda suka fi daɗi a karanta a taron makaranta kafin a tafi hutu.

Muna kira ga marubutan Jigawa da ƙungiyoyinsu da masu buga littattafai a Kano da Dutse su dubi wannan fage. Ɗan littafi mai shafi 40 ko 50, da zane a ciki, da farashin da kuɗin barka da sallah zai iya saye, ya fito kasuwa tun azumi yana tsakiya. Duk wanda ya rubuta irinsa, daga Birnin Kudu ko Gwaram ko wani gari, ya aiko mana, za mu karanta mu sanar da masu bibiyar wannan fili.